Hausar jarida: shin ginin jimlarta na Hausa ne har yanzu?

Malam_Tudunwada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana damuna game da Hausar da ake rubuta labarai da ita a jaridu da shafukan intanet. Yawancin masu ƙorafi a kan aron kalmomi suke tsayawa, suna cewa an cika jarida da kalmomin Turanci, amma ni a ganina ba nan matsalar take ba, domin Hausa ta ari alƙali da littafi daga Larabci, ta ari mota da tebur da asibiti daga Turanci, kuma ba ta rasa komai ba. Abin da ke damuna shi ne ginin jimla. Sai ka karanta labari daga farko har ƙarshe ba ka ci karo da baƙuwar kalma ko ɗaya ba, amma ka rasa Bahaushen da zai faɗi zancen haka da bakinsa. Ana rubuta "an rufe kasuwar ta hannun gwamnatin jiha", alhali Hausa ba ta ɓoye mai aiki da "an" sannan ta dawo da shi a ƙarshen jimla. Bahaushe cewa zai yi "gwamnatin jiha ta rufe kasuwar", idan kuma yana son jaddada wanda ya yi aikin sai ya ce "gwamnatin jiha ce ta rufe kasuwar". Haka nan ana rubuta "gwamnan, wanda ya samu wakilcin mataimakinsa, ya ce za a biya albashi", alhali gwamnan bai je wurin ba, mataimakinsa ne ya yi magana. Tambayata ita ce, shin wannan sauyi ne na harshe da ya kamata mu karɓa, ko kuwa ɓarna ce da ya kamata editoci su tsayar?

Tsohon_Edita:
Wa'alaikumus salam. Malam, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma yana da kyau masu karatu su san inda wannan Hausar take fitowa. Mafi yawan labaran da ake bugawa da Hausa ba da Hausa aka fara rubuta su ba. Sanarwar ma'aikatun gwamnati da ta rundunar 'yan sanda da Turanci take zuwa, labaran kamfanonin dillancin labarai galibi da Turanci suke zuwa, kuma gidajen jaridu da dama masu sashen Hausa daga jaridarsu ta Turanci suke ɗebo labari su miƙa wa mai fassara. Shi kuwa mai fassara, idan an jibga masa aiki kuma ana jiran sa, jimla-jimla yake bi, yana fassara ta farko tun bai karanta ta biyu ba, don haka tsarin jimlar Turanci yake zama daram, kalmomi kaɗai ake sauyawa. Lokacin da muke koyon aiki, abin da manyanmu suka hore mu da shi shi ne ka karanta labarin gaba ɗaya, ka fahimci wa ya yi me, sannan ka kife takardar ka rubuta shi yadda za ka ba wani labari, daga baya ka buɗe ka duba sunaye da alƙaluma. Bayan haka akwai mai tace labari, akwai kuma mai duba kurakurai kafin a kai wurin ɗab'i. A shafukan intanet da yawa yanzu mutum ɗaya ne ke fassarawa, shi ke sa kanun labari, shi ke wallafawa, ba tare da wani ya sake dubawa ba.

Bakatsiniya_Mai_Alli:
Baba Edita ya taɓo asalin maganar. Idan muka koma ga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar Hausa ta farko, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, za mu ga cewa an rubuta ta ne da sanin cewa kunne ne zai karɓe ta. Masu karatun boko kaɗan ne a lokacin, mutum ɗaya ke saye ya zauna a zaure ko a dandali ya karanta wa jama'a. Duk jimlar da ba za ta faɗu da baki ba, ba ta da amfani a irin wannan jarida. Ni a aji abin da nake sa ɗalibaina su yi ke nan, su karanta labarin jarida da ƙarfi, duk inda harshensu ya harɗe to nan ne marubucin ya bi Turanci.

Bazazzagi_Na_Kongo:
Hajiya, ɗan gyara kaɗan. Kafin Gaskiya akwai Jaridar Nijeriya ta Arewa da gwamnatin mulkin mallaka ta fara fitarwa a 1932, sai dai ita da harsuna uku take, Hausa da Turanci da Larabci. Abin da ya bambanta Gaskiya shi ne ita ce ta ɗore, kuma tana da edita Bahaushe mai alƙalami nasa na kansa. Ya kamata a ambaci Rupert East ma, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi mai kula da buga littattafai a lokacin, domin shi ne ya matsa a kan a rubuta Hausa yadda ake maganarta.

Dalibin_Jarida:
Iyayena da malamaina, ina girmama abin da kuka faɗa, amma ina da ja. Kowace jarida a duniya tana da harshenta wanda ba irin na hira ba ne, kuma Bature ma ba ya magana a gidansa yadda jaridarsa take rubutu. Abin da ake koya mana shi ne sakin layi na farko ya amsa wa, me, yaushe, ina, me ya sa, da kuma ta yaya, sannan a jera sauran bayanai daga mafi muhimmanci zuwa mafi ƙaranci, ta yadda ko an datse ƙarshen labarin ba a yi asara ba. Salon ba da labari na gargajiya kuwa daga farko yake somawa, ya bi abin da ya faru daki-daki, ya sa karin magana, sai a ƙarshe a ji sakamako. Mai karatu a waya ba zai jira wannan ba. Ina ganin wani ɓangare na abin da ake kira Turancin jimla buƙatar aikin jarida ce kawai, kuma ba adalci ba ne a auna labarin yau da ma'aunin 1939.

Malamar_Nahawu:
Ɗana, ban ƙi maganarka ba cewa jarida tana da salonta, kuma fara labari da abu mafi muhimmanci bai saɓa wa Hausa ba, domin wanda ya zo da saƙon rasuwa ba ya fara da tarihin jinya. Amma tsarin labari daban, ƙa'idar jimla daban, kuma a kanun labarai ne aka fi ganin inda ake cakuɗa su.

Jaridun Turanci suna zubar da ƙananan kalmomi a kanun labari don su samu wuri, kuma harshensu yana jure hakan. Hausa ba ta jurewa, saboda a cikin waɗannan ƙananan kalmomin ne ma'ana take. Zagin aikatau, wato ya da ta da sun da suka da makamantansu, shi ke ɗauke da lokaci da jinsi da adadi, shi ya sa ba wanda zai iya rubuta "majalisa amince da kasafin kuɗi". Wannan kusan kowa ya kiyaye shi. Abin da nake yawan gani ana zubarwa shi ne "ba" ta ƙarshe a jimlar korewa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. "Gwamnati ba ta gyara hanya ba" yana nufin aikin bai faru ba a lokacin da ya shuɗe, amma "gwamnati ba ta gyara hanya" yana nufin ba halinta ba ne ta gyara. Na farko rahoto ne, na biyu hukunci ne a kan gwamnatin, kuma kalma ɗaya mai haruffa biyu ce ta raba su.

Akwai wani da ya fi wannan haɗari. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka "ya" ta shuɗaɗɗen lokaci da "ya" ta umarni ko fata kamanninsu ɗaya a takarda. Idan aka rubuta "Gwamna ya sauka" sannan aka ja layi aka sa "'yan adawa", mai karatu ba zai san ko gwamnan ya riga ya sauka ba ne ko kuwa 'yan adawa ne ke neman ya sauka. A baki ba a ruɗewa, domin furucin ya bambanta. A rubuce kuwa dole edita ya ƙara kalma, ya ce "dole gwamna ya sauka" ko "'yan adawa sun nemi gwamna ya sauka". Wanda ke bin kanun Turanci kalma da kalma ba zai ma lura da wannan tarkon ba, tunda a Turanci babu shi.

Dalibin_Jarida:
Malama, na gode, wannan misali na "ya sauka" ban taɓa jin an kawo shi a aji ba. Sai dai yana nuna cewa kanun labari na Hausa dole ya fi na Turanci tsawo, kuma masu tsara shafi ba kullum suke yarda da hakan ba.

Mai_Fassara_Kaduna:
Ina so in koma kan "an" da Malam_Tudunwada ya fara da ita, domin tana da wata fuska da ta shafi gaskiyar labari. "An kama", "an kashe", "an rushe" Hausa ce tsantsa, kuma tana da amfani idan ba a san mai aikin ba ko kuma ba shi ne muhimmi ba. Amma sau da yawa ɗan jarida ya san wanda ya yi, sai ya fake da "an" don kada ya ambaci hukuma ko wani mai ƙarfi. Idan aka rubuta "an rushe shaguna a kasuwa" alhali kowa ya san hukumar da ta aiko da motar rusau, to an rage wa mai karatu rabin labari.

Haka abin yake a kalmomin da ake danganta magana da su. Don gudun maimaita "ya ce", sai a yi ta jero "ya bayyana cewa", "ya tabbatar da cewa", "ya yi iƙirarin cewa", "ya jaddada cewa", kamar duk ɗaya suke. Ba ɗaya suke ba. Wanda ya bayyana abu, ka yarda ke nan abin yana nan a ɓoye ya fito da shi. Wanda ya tabbatar, ka ba shi gaskiya. Wanda ya yi iƙirari, ka nuna kana shakkar sa. Idan jarida ta ce gwamnati ta tabbatar amma 'yan adawa sun yi iƙirari, ta riga ta ɗauki ɓangare ko da marubucin bai yi niyya ba. "Ya ce" da "in ji shi" ba su da wannan nauyin, kuma kunnen Bahaushe ba ya gajiya da maimaita su.

Bazazzagi_Na_Kongo:
Duk wannan kuna magana ne a kan waɗanda suka iya rubutun. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne watsi da baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda aka shigar cikin rubutun Hausa tun a shekarun 1930. Idan aka rubuta "sojoji sun kare kauyen", shin sun kare shi ne daga mahara ko sun ƙare shi? "Fadar shugaban kasa" gidan mulki ne ko faɗarsa ce? "An kai kara kotu" fa? A labarin tsaro irin wannan ruɗani yana iya tayar da hankalin mutanen da ke da 'yan'uwa a wurin.

Hadiza_Mai_Shafi:
Malam Bazazzagi, hujjar da nake ji daga masu shafuka ita ce mutane ba sa sa ƙugiya idan suna neman labari a intanet, don haka suna tsoron kada a kasa samun labarinsu. A da ma ana cewa keken rubutu da kwamfuta ba su da haruffan, amma wannan uzurin ya ƙare tunda yanzu ana iya saka allon rubutu na Hausa a waya. Ni dai ina sa su a shafina, kuma masu karatu ba su taɓa yi mini ƙorafi ba, sai ma godiya daga malaman makaranta.

Malamar_Nahawu:
Hadiza, Allah ya yi miki albarka. A haɗa da batun raba kalmomi da haɗa su, wanda aka tattauna a tarurrukan daidaita rubutu, daga na Bamako a 1966 zuwa na Kano a 1972 da na Yamai a 1980. "In ji" daban da "inji" na niƙa, "ta ce" daban da "tace" da ake yi wa ruwa ko koko, "ba shi" daban da "bashi" da ake biya. "Akan" a haɗe tana nuna abin da aka saba yi, kamar "akan yi zaɓe duk shekara huɗu", amma "a kan" a rabe ita ce ta "an kama shi a kan zargin sata". "Zai" da "zan" a haɗe suke, amma "za ta" da "za su" da "za a" a rabe. Waɗannan ƙa'idojin ba su da yawa, mai niyya zai iya riƙe su cikin ɗan lokaci.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum. Mu a Nijar muna bin wannan muhawara da sha'awa, don matsalarmu iri ɗaya ce sai dai harshen da ke ƙarƙashin jimlar ya bambanta. Ku Turanci ne, mu Faransanci ne. Ƴan jaridarmu na gidajen rediyo suna karɓar sanarwa da Faransanci su juya ta nan take, sai ka ji dogayen jimloli masu rassa da yawa waɗanda tsoho a ƙauye ba zai kai ƙarshensu ba sai ya manta farkonsu. Akwai kuma kalmomin da suka raba mu, mu muna cewa lakwal, ku kuna cewa makaranta, kuma har a rubutu mu muna sa ƴ inda kuke sa 'y.

Wani abin da nake so ƴan jaridar Nijeriya su kula da shi idan suna kawo labarin Nijar shi ne lissafin kuɗi. A kasuwarmu dala tana nufin sefa 5, don haka dala ashirin sefa 100 ce, jikka kuma sefa 1000 ce. Idan jarida ta rubuta dala kawai ba ta ce dalar Amurka ba, mai karatu a Zinder ko Maraɗi zai iya fahimtar wani abu daban. Tunda intanet ta sa muna karanta jaridun juna, ya kamata a rubuta da sanin cewa mai karatu ba a Kano kaɗai yake ba.

Akawu_Na_Sakkwato:
Ɗan'uwa na Damagaram ya buɗe ƙofar alƙaluma, kuma nan ma akwai gyara. A Hausa sunan kuɗi ne ke fara zuwa, naira miliyan 5, kashi 25 cikin 100, amma sai ka ga an juya an bi tsarin Turanci. Sannan akwai ruɗanin da yake na Hausar kanta: idan aka rubuta da kalmomi "dubu ɗari biyar da hamsin", wani zai fahimci 550,000, wani kuma 500,050. Mai magana yana iya warwarewa da cewa "dubu ɗari biyar da dubu hamsin", amma a jarida abin da ya fi aminci shi ne a rubuta da lambobi. Haka "biliyan 2.5", a ganina ya fi kyau a ce biliyan biyu da rabi, domin mai karanta wa wani da baki bai san yadda zai furta ɗigon ba.

Dan_Zango_Kumasi:
Iyayena, ni daga Gana nake rubutu. Hausar da muke yi a zango ba ta cika raba namiji da mace a nahawu ba, mukan ce "ya" ga kowa da komai. Abin da na koya na daidaitacciyar Hausa daga rediyo da jaridun intanet na koya, ba daga makaranta ba. Shi ya sa nake so masu rubutu su san cewa akwai mutane da yawa irina waɗanda jarida ce malaminsu. Idan kuka rubuta "mutanen wanda suka zo" maimakon "waɗanda suka zo", ko "matar wanda ta yi magana" maimakon "wadda", mu ɗauka za mu yi haka ne daidai. Ina kuma da tambaya: me ya sa ake cewa "gwamnati ta ce" amma a rubuta "gwamnatin tarayya" ba "gwamnatir tarayya" ba, kuma yaya ake sanin jinsin sunaye irin su INEC da CBN?

Malamar_Nahawu:
Ɗan zango, tambayarka mai kyau ce. Harafin nasaba -r yana zuwa ne a kan sunan mace da ya ƙare da wasalin a, kamar majalisar dattawa da hukumar zaɓe. Sunan mace da ya ƙare da wani wasalin yana ɗaukar -n, shi ya sa ake cewa gwamnatin tarayya da kotun ƙoli, amma jinsinsu bai sauya ba, gwamnati ta ce, kotu ta yanke hukunci. Gajerun sunaye kuwa suna bin kalmar Hausar da ke bayansu. INEC da EFCC hukumomi ne, hukuma kuma mace ce, don haka "INEC ta ce". CBN banki ne, sai a ce "CBN ya ce". ASUU ƙungiya ce, "ASUU ta janye yajin aiki". Sunayen ƙasashe da garuruwa mata ne, Nijeriya ta ce, Kano ta cika. A nan zan yaba wa 'yan jarida, domin wannan tsarin na gajerun sunaye su ne suka kafa shi ta hanyar amfani, kuma ya dace da ruhin harshen.

Lauya_Bakano:
Ina so in ƙara wani abu da ya shafi haƙƙin mutane. Wanda 'yan sanda suka kama wanda ake zargi ne har sai kotu ta same shi da laifi, amma sai ka ga kanun labari ya ce "an kama ɓarayi uku". Haka kuma ana cakuɗa tsarewa da ɗaurewa. Idan kotu ta ba da umarnin a tsare mutum har zuwa ranar da za a ci gaba da shari'a, ba a yanke masa hukunci ba, amma idan jarida ta ce kotu ta ɗaure shi, danginsa da maƙwabtansa sun riga sun ɗauke shi mai laifi. Sannan kalmomin mutuwa. Hausa ta bambanta rasu da mutu da hallaka, kuma kowacce tana nuna matsayin mai magana game da mamacin. Kalmomi irin su "an sheƙe" ko "an aika su lahira" ba na rahoto ba ne ko da a kan 'yan bindiga ne, musamman tunda wani lokaci daga baya ake gano cewa waɗanda aka kashe ba su ne ake nema ba.

Malam_Tudunwada:
Na gode wa kowa, na ƙaru ƙwarai. Sai dai ina so in dawo da mu kan tambayar farko, domin ƙugiya da raba kalmomi kurakurai ne da kowa ya yarda kurakurai ne, gyaransu horo ne kawai. Abin da ban samu amsarsa ba shi ne ginin da ya shigo daga Turanci kuma ya zauna har yara suka tashi da shi. Yau za ka ji matashi yana cewa "a ƙarshen rana" yana nufin daga ƙarshe, kuma daga kafofin labarai ya ɗauka. Idan jarida ta maimaita abu har ya shiga bakin jama'a, shin ya zama Hausa ke nan, mu daina magana?

Mai_Fassara_Kaduna:
Malam, a ganina wasu sun riga sun zama Hausa kuma ba za a iya mayar da su ba. "Sun rasa rayukansu", "ɗaukar mataki", "taka muhimmiyar rawa", duk daga waje suka shigo, amma yau babu wanda zai ji su baƙi, kuma ba su karya wata ƙa'idar nahawu ba, ma'ana ce sabuwa aka ɗora a kan tsohon gini. Kada kuma mu manta da abin da kafofin labarai suka ƙirƙira daga cikin harshen. Tun da Rediyon BBC ya fara shirin Hausa a 1957, sannan gidan rediyon Kaduna a 1962, masu fassarar labarai suka yi ta neman yadda za su faɗi sababbin abubuwa, kuma a bakin 'yan jarida ne maganganu irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, jirgi mai saukar ungulu, ƙuri'ar raba gardama, dokar ta-ɓaci da zaɓen fid da gwani suka zauna. Waɗannan aikin mutanen da suka fahimci abu ne sannan suka nemi hotonsa a rayuwar Bahaushe. Inda zan ja layi shi ne inda aka taɓa tsarin jimla, kamar "an yi kaza ta hannun wane", domin wannan ya zo ne ya ture ginin da muke da shi wanda ya fi shi gajarta da fayyacewa.

Bakatsiniya_Mai_Alli:
Ni ban gamsu da wannan layin gaba ɗaya ba. "Sun rasa rayukansu" ba ta karya nahawu ba, gaskiya ne, amma ta kori "sun rasu" da "Allah ya yi musu rasuwa" daga labarai, kuma waɗannan suna ɗauke da ladabin da muke yi wa mamaci. Ba ƙa'idar nahawu kaɗai ake asara ba idan aka bi wani harshe, ana asarar yadda al'umma take kallon abu.

Dalibin_Jarida:
Hajiya, amma jarida tana da masu karatu mabambanta addini da al'ada, kuma tana ba da labarin mutanen ƙasashen da ba namu ba. Wataƙila shi ya sa editoci suka fi son maganar da ba ta karkata ko'ina ba. Ni abin da ya fi ba ni tsoro yanzu shi ne fassarar na'ura, domin akwai shafukan da ke zuba labarin Turanci a manhajar fassara su wallafa abin da ya fito ba gyara. A nan za ka ga an kira mace "ya" a jimla ɗaya, "ta" a jimla ta gaba, kuma karin maganar Turanci an juya shi kalma da kalma har ya rasa ma'ana.

Tsohon_Edita:
Ɗalibi, wannan ma aikin edita ne, domin na'ura ba ita ke danna wallafawa ba. Abin da na ga ya yi ƙaranci a gidajen jaridunmu shi ne kundin salon rubutu na gida, wanda zai faɗa wa kowane sabon ma'aikaci yadda ake rubuta sunayen ƙasashe da muƙamai da alƙaluma, da lokacin da ake sa Mai Martaba ko Mai Alfarma, da kalmomin da ba a yarda da su ba a labarin kotu. Kayan aikin suna nan. Akwai ƙamusun Bargery na 1934, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, akwai sassan Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. A da akwai Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 wadda ake kai wa irin waɗannan matsaloli. Ko a yanzu, da editocin Aminiya da Leadership Hausa da gidajen rediyo za su zauna da malaman jami'a su fitar da kundi ɗaya, ƙananan shafuka za su bi, don su ma daga manya suke kwaikwayo.

Akawu_Na_Sakkwato:
Baba Edita, ina goyon bayan kundi, amma ina roƙon kada a mayar da shi hanyar goge karin harshe. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka fi gina ta, kuma mun yarda da ita a rubutun labari, amma idan ɗan jarida ya ɗauko maganar manomi daga Gwadabawa ko Illela, ya bar ta yadda mutumin ya faɗa cikin alamar zance. Gyara maganar mutum zuwa Kananci sannan a ce shi ya faɗa, shi ma wani nau'in sauya labari ne.

Hadiza_Mai_Shafi:
Idan za a yi kundin, ina ganin a fara da abin da muke cin karo da shi kullum. A cikin wannan zauren kaɗai mun rubuta Nijeriya, alhali BBC Hausa da wasu da dama Najeriya suke rubutawa. Akwai Amurka da Amirka, akwai Birtaniya da Burtaniya, akwai Sin da China, akwai firaminista da firayim minista. Sannan akwai batun manyan baƙaƙe a kanun labari, inda wasu ke fara kowace kalma da babban baƙi har da "a" da "ya" da "da", wasu kuma kalmar farko da sunaye kawai. Ni na zaɓi na biyu saboda ya fi sauƙin karantawa a waya, amma ina so in ji daga Malama ko ƙa'idojin rubutun da aka amince da su sun yi magana a kan kanun labarai, ko kuwa an bar wa kowane gida ya zaɓa.